Tsanin da Aka Jingine a Zaure

A ƙasar Funtua da Malumfashi manyan tambayoyi ba su cika zuwa da damina ba. Damina ba ta barin mutum ya zauna da kansa: daga shuka sai noma, daga noma sai maimai, ga zuba taki, ga feshi, ga huɗa, a dawo gida la'asar sakaliya ƙafa duk taɓo, a ci tuwo a bi lafiyar tabarma. Sai kaka ta wuce, an casa masara an ɗinke buhuna, an kai kasuwar Ɗandume ko Bakori an ji abin da farashi ya ce, an sallami mai bashin taki da 'yan ƙwadago, sannan hunturu ya sauko dare ya yi tsawo. A lokacin ne saurayin da ya gama sakandare ko kwaleji, wanda tun yana ɗan shekara goma yake bin mahaifinsa gandu, yakan lissafa abin da ya rage masa ya ga bai taka kara ya karya ba. Maƙwabcinsa, wanda bai fi shi salla ba bai kuma fi shi sammako ba, ya yi rufin kwano har an sa masa ranar aure. Ɗan baffansa can wajen Sabuwa ko leƙa gonarsa bai samu yi ba saboda 'yan bindiga. Sai abin ya tsaya masa a rai: me ya sa? In komai a rubuce yake, ina amfanin fartanya? Da can sai ya haɗiye tambayar ko ya kai ta zauren malam. Yau waya na hannunsa, masu amsa a cikinta kuwa sun fi masu tambaya yawa. Wannan ya turo masa guntun bidiyon Bature mai cewa rayuwa ba ta da ma'ana sai wadda ka laƙaba mata, wancan ya turo wa'azin mai cewa tambayar kanta waswasin Shaiɗan ce, a tsakani ga hotuna ɗauke da zantukan hikima da sunan Sokratis a ƙasa, mutumin da ko shafi ɗaya bai rubuta ya bari ba. Daga nan yakan ji labarin wani ilimi mai suna falsafa, sai ya fara neman ƙofar shiga.

Ni dai ban ga laifinsa ba, matambayi ba ya ɓata. Inda nake da magana shi ne ƙofar. Galibin masu sha'awar falsafa a yau ta katanga suke haurawa, su faɗo tsakar gida, su tsinci ra'ayin wane da na wane a kan samuwar Allah ko ƙaddara ko mutuwa, su ɗauki wanda ya dace da zafin da zuciyarsu ke ji a wannan mako. Wannan cefanen amsa ne, mai yin sa kuwa bai bambanta da mai yawon gidan bokaye ba, duk wanda ya faɗa masa mai daɗi shi ne gwani. Ƙofar ƙwarai ƙarama ce, ba ta da kwarjini. Sunanta mantiƙi, ilimin da ke koya wa mutum ya tantance wace irin tambaya yake yi, me kalmominta suke nufi, wace irin hujja ce kuma za ta iya warware ta. Wannan ƙofa ta fi shekara 500 a ƙasar Katsina, mu ne muka daina bi ta cikinta.

A ɗauki wannan "me ya sa" ta saurayinmu. Shehu Muhammad ɗan Yusuf Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda Ummul Barahini da sauran littattafansa na tauhidi suka yi ƙarnuka ana biya su a zaurukan ƙasar Hausa, ya kasa duk hukuncin da mutum zai yanke a kan wani abu gida uku. Akwai hukuncin shari'a, halal da haram da danginsu, wanda ba a sanin sa sai ta nassi. Akwai hukuncin al'ada, kuma al'ada a nan ba ta biki da suna ake nufi ba, ana nufin abin da aka saba ganin yana biyo bayan wani abu saboda maimaituwa, kamar ƙoshi bayan cin abinci, tare da yiwuwar wata rana ya saɓa. Sai hukuncin hankali, wanda bai jira nassi ko gwaji ba, shi kuma ya rabu zuwa wajibi da mustahili da ja'izi mai karɓar samuwa da rashi. Misalin hukuncin hankali, tiya ba za ta fi buhun da aka ɗebo ta daga ciki yawa ba. Wannan ba sai an je kasuwa an auna ba. To in aka ɗora tambayar saurayin a kan wannan sikeli sai a ga ashe tambayoyi uku ne suka sa riga ɗaya. Me ya sa masarata ba ta yi ba bana? Wannan ta al'ada ce, amsarta na cikin gona: ruwa ya ɗauke tana goyo, ko ƙuduji ya shanye ta, ko tsutsar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016 ta cinye mata zuciya, ko takin da aka sayo gauraye ne. Ya halatta in karɓi kuɗi yanzu in biya da buhu in kaka ta yi? Wannan ta shari'a ce, malamin fiƙihu ake kai wa ya duba sharuɗɗan cinikin salam. Shin ƙaddara ta kore amfanin aiki? Wannan ce kaɗai ta shiga fagen hankali da aƙida. Wanda ya amsa ta farko da amsar ta uku, ya ce haka Allah ya so ya tsaya nan, bai faɗi ƙarya ba, amma baɗi ma ƙudujin na nan yana jiran sa. Ko wanda bai yarda da Ash'ariyyar Sanusi a babin siffofin Ubangiji ba zai iya aron wannan sikeli, domin sikeli ba ya tambayar ɗariƙar mai awo.

Ita tambaya ta ukun, mutumin Funtua ya fi kowa cancantar ya fahimci yadda manya suka yi da ita, domin da auduga suka buga misali. Garin da layin dogo da injin gurzar auduga suka raya tun zamanin Turawa ba sai an gaya masa abin da ke faruwa in tartsatsi ya faɗa kan tulin kaɗa a fuloti ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya zo a mas'ala ta 17 ta littafinsa Tahafutul Falasifa ya ce a kawo wuta a kawo auduga. An haɗa su, auduga ta zama toka. Me ido ya gani? Ya ga haɗuwa, ya ga ƙonewa tare da ita, amma bai ga igiyar da ta ɗaure ta biyu ga ta farko ɗaurin dole ba. Saboda haka, a wajensa, cewa wuta ce da kanta take aikata ƙonewar ƙari ne da muka yi a kan abin da muka gani. Mai aikatawa Allah ne, ya gudanar da al'ada a kan haka, in ya so ya saɓa ta kamar yadda wuta ta yi sanyi ga Annabi Ibrahim. Bayan shekara tamanin da wani abu Ibn Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 1198, ya mai da martani cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi ɗungurungum, domin ba mu san wuta da komai ba sai da aikinta, in an cire mata ƙuna suna kawai ya rage, kuma tsarin da ke tsakanin sabubban shi ne shaidar hikimar Mahalicci. Abin lura ga manomi shi ne, duk nisan da ke tsakaninsu, babu ɗayansu da zai ce ka ƙyasta ashana a ma'ajiyar auduga tunda ƙaddara ce ke ƙonawa. Gazali bai kore al'ada ba, cewa ya yi ba wajibin hankali ba ce. Don haka mai cewa taki ba ya ƙara komai tunda arziki na Allah ne ya yi wa Gazali ƙage, mai cewa kuma buhu kaza na taki dole ya haifi buhu kaza na masara ya mai da ja'izi wajibi, farin sati uku a tsakiyar damina ya isa ya ƙaryata shi. Kowace mazhaba ka bi cikin biyun, fartanya na nan da amfaninta.

Amfanin mantiƙi ya fi fitowa inda ciwon ya fi zafi. Tun da matsalar 'yan bindiga ta dabaibaye Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda a Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kwana sama da 300 a dare ɗaya, maganar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce zunubanmu ne suka jawo mana. A matsayin kira ga tuba magana ce mai kyau, babu al'ummar da ta fi ƙarfin tuba. Amma sau da yawa ana faɗar ta ne a matsayin bayani, har ta koma ƙa'ida: duk wanda masifa ta sama, laifinsa ne ya jawo masa. Masu mantiƙi suna kiran irin wannan jumla kulliyya, mai cewa "duk", kuma tun a darussan farko ake koya wa ɗalibi cewa misali ɗaya tak da ya saɓa ya isa ya rushe ta. Annabi Ayuba ya isa misali, ingantaccen hadisi ma ya nuna annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa. In kuwa ƙa'idar gaskiya ce, to sai mu yarda talakan ƙauyen Sabuwa ya fi mazaunin unguwar manya a Katsina ko Abuja zunubi, tunda shi ake kora daga gona su suna barci da fanka. Ba mai iya furta wannan, amma ga shi kwance a cikin maganar da muke ta maimaitawa. Da zarar kulliyyar ta faɗi, tambayoyin al'ada da ta danne sai su miƙe: ta ina makamai ke shigowa, wa ke sayen shanun sata, me ya faru da burtali da dazukan kiwo, ina kuɗin tsaro ke tafiya. Waɗannan suna da amsa, kuma akwai waɗanda rashin yin su ya yi wa daɗi. Ta'aziyyar da ke sa wanda aka zalunta ya ɗauki laifin azzalumi a kansa ba ita ce haƙurin da addini ya yi umarni da shi ba.

Wani ɓangare na mantiƙin kuma ta'arifi ne, wato iyakance ma'anar kalma yadda za ta tattaro duk abin da ke nata ta hana baƙo shiga. Saurayinmu yana cewa bai yi arziki ba. Mene ne arziki? In ya ce kuɗi da buhuna, harshensa da kansa zai ƙaryata shi. Bahaushe yakan kalli yaron da ba shi da ko keke ya ce ɗan arziki ne, ya kalli mai tirela biyar da ba ya gaida mahaifiyarsa ya ce matsiyaci. Muna cewa a rabu cikin arziki, a yi zaman arziki, duk kuwa ba maganar sulalla ake yi ba. Ashe kalmar abu biyu ta goyo, abin hannu da halin zuciya, kuma kakanninmu da suka ƙi raba su akwai abin da suke son faɗa game da rayuwa mai kyau. Masanin falsafa Aristo ya bi irin wannan hanya a farkon littafinsa na ɗabi'u sama da shekara 2300 da suka wuce: ya nemi abin da ake so don kansa, ya cire dukiya daga lissafi saboda kullum don wani abu ake neman ta. Anthony Kirk-Greene ya tattara a 1974 siffofin da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya da mutunci, dukiya ba ta cikin jerin. Wannan ba zai sa buhu ko ɗaya a ɗakin saurayin ba, talauci kuma ba ado ba ne da za a lallashe shi ya rungume. Amma zai hana shi haɗa "ban samu kuɗi bana ba" da "rayuwata ta lalace" ya haɗiye a loma ɗaya, haɗin da ke kai samari ga ƙwaya ko daji.

Yanzu ga suka ta farko, ba kuma zan raina ta ba. Za a ce falsafa ƙofar zindiƙanci ce, manyan malamai sun haramta ta, har da mantiƙin da nake yabo. Gaskiya ne sun yi. Ibnus Salah, malamin hadisin da ya rasu a 1245, ya ba da fatawa mai zafi, yana ganin mantiƙi mashigar falsafa ne, mashigar sharri kuwa sharri ce. Ibn Taimiyya ya rubuta littafi guda na raddi ga masu mantiƙi, ko da yake sai da ya shiga gidan ya san ɗakunansa kafin ya ce a rushe, har masana falsafar yau suna karanta raddin a matsayin aikin falsafa. Jalaluddin Suyuɗi ma ya yi rubutu a kan haramcinsa. Waɗannan ba ƙananan mutane ba ne. Sai dai Bakatsine yana da gado a cikin wannan gardama da bai kamata ya manta ba. A ƙarshen ƙarni na 15 manyan malamai biyu sun yi wa sarakunan ƙasar nan nasiha: Suyuɗi, wanda ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura wasiƙa daga Masar, da Muhammad ɗan Abdulkarim Magili, wanda ya tako da ƙafarsa ya zauna Kano wajen Sarki Muhammadu Rumfa ya kuma zo Katsina. Su biyun nan sun yi musayar baitoci a kan wannan mas'ala ta mantiƙi. Magili ya rubuta wa Suyuɗi yana mamakin yadda malami kamarsa zai hana ilimin da aikinsa daidaita tunani ne, yana kafa hujja da cewa da gaskiya ake gane mutane ba da mutane ake gane gaskiya ba, ingantacciyar magana kuma ba ta lalacewa don ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba. Suyuɗi ya mai da amsa bai janye ba. Magili kuwa, wanda ba a taɓa zargi da sassauci a addini ba, ya tsara waƙar koyar da mantiƙi da aka yi ta karantawa a Tambutu. Ashe saɓanin tsoho ne, tsakanin malaman sunna ne, kuma mai halattawar shi ne ya kwana a garinmu.

Akwai shaida da ta fi wannan kusa. Da wuya ka sami almajirin zaure daga Maska zuwa Ƙafur da bai buɗe Ahalari ba, ɗan littafin tsarki da salla da ake fara fiƙihu da shi. Mawallafinsa, Abdurrahman Al-Ahdari na ƙasar Aljeriya, shi ne kuma ya tsara Sullamu, wato tsani, waƙar mantiƙi mai baiti ɗari da arba'in da 'yan kai, a shekarar 941 ta Hijira yana ɗan shekara 21. Bai ɓoye saɓanin ba: ya ambaci Ibnus Salah da Nawawi da suka haramta, ya ambaci masu cewa ya kamata a koya, sannan ya rinjayar da halacci ga mai cikakken hankali wanda ya goge da Alƙur'ani da sunna. Mun karɓi alwala daga hannun mutumin nan mun yarda, tsaninsa kuwa muka jingine a bango ƙura ta rufe shi. Sharaɗin da ya gindaya shi ne amsar masu tsoro: a fara sanin addini, sannan a hau. Haka magabata suka yi. Muhammad Al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, an fi sanin sa da lissafin hatimi, amma ya bar waƙar mantiƙi da sharhinta. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864 yana karantarwa a Salame, ya yi rubuce-rubuce a kan ra'ayoyin masana falsafa game da halitta da rai, Bajamushen matafiyi Barth da ya gamu da shi a 1853 ya ce shi ne mafi ilimin mutanen Sakkwato na wannan zamanin. Duk da haka ɗan Tafa ya rubuta cewa a kan ayoyin Alƙur'ani ya gina aƙidarsa. Gazali kansa, da ake fakewa da shi a tsine wa falsafa, mas'aloli 20 ya ƙirga, uku kaɗai ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Lissafi da mantiƙi ya wanke su, har ya yi gargaɗi cewa mai ƙaryata lissafin husufi da sunan kare Musulunci ya fi maƙiyi cutar da shi.

Hatsarin da na yarda da shi wani ne daban, shi ma ƙasar nan ta ɗanɗana. A zamanin Shehu Usmanu an yi wasu ɗalibai da suka haddace hujjojin ilimin kalam, suka riƙa titsiye talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo hujja yadda suka tsara su ce kafiri ne, ba a cin yankansa ba a ba shi aure. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana yaƙar su, yana kare imanin talakan da ya yi shahada yake salla ko da bai san ƙiyasi ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Saurayin da ya karanta shafi ashirin na falsafa ya dawo yana yi wa mahaifinsa dariya don ya ce in Allah ya yarda kafin shuka, jikan waɗannan ɗalibai ne ko da rigarsa ta boko ce. Maganinsa malami ne da tafiya sannu. Shi ya sa zaure ya fi waya dacewa da wannan karatu: ana biya baiti biyu ko uku, malam ya fassara, ɗalibi ya maimaita, in kansa ya fara kumbura akwai mai taka masa birki.

Suka ta biyu daga kasuwa take fitowa: yunwa ake ji, wa ya taɓa cin falsafa ya ƙoshi? Mai wannan magana yana da madogara a nan gida. Murray Last, masanin tarihin Daular Sakkwato da ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi, ya wallafa maƙala a 1981 yana bayanin yadda mutane da yawa ba su san dalilin da ke bayan maganin da suke sha ba, ba su kuma damu su sani ba. A gwada na asibiti, a gwada na boka, a sha rubutu, wanda ya yi aiki shi ke nan. Ana rayuwa haka, ana haihuwa ana aurarwa, kuma wanda tambaya ba ta hana shi barci ba a bar shi ya yi barcinsa. Amma cewa manomi ba ya irin wannan tunani kuskure ne. An daɗe ana gaya wa manoman Arewa cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne, sai binciken David Norman da abokan aikinsa na cibiyar Samaru a shekarun 1960 da 1970 ya nuna lissafin manomin ne daidai: haɗin ya fi biyan wahalar da aka zuba a lokacin da hannu ke ƙaranci, yana kuma rage hatsarin tashi a tutar babu in ruwa ya saɓa. Manomin ya kai ga wannan ne ta maimaita gwaji, hukuncin al'ada tsantsa, bai bar kwarjinin mai takardar shaida ya kore abin da idonsa ya gani ba. Paul Clough, wanda ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da shirin noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 yake tashe, ya nuna a littafinsa na 2014 cewa hidima ga iyali da dangi da barori tana cikin lissafin masu tara dukiya a ƙauyen tun daga tushe. Nawa ne haƙƙin kaina, nawa ne na ƙanena da zan yi wa aure, yaushe ɓoye hatsi don jiran tsada yake zama zalunci: falsafar ɗabi'u ke nan, a gindin bishiyar kowace kasuwar ƙauye ana yin ta. Abin da karatu zai ƙara shi ne tsari, yadda za a gane inda gardama ta karkace maimakon mai babbar murya ya kwashe nasara.

Suka ta uku ta fi su ƙarfi, dole a sallama mata da wani abu. Tun da mutanen Atina suka yanke wa Sokratis hukuncin kisa shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa ake gardama a kan adalci da rai da 'yancin zaɓi, har yau taron bai tashi ba. To me mai neman natsuwa zai samu? Labarin Gazali ne amsar da ta fi gaskiya. Shakka ta taɓa kama shi har ya daina amincewa da idonsa da hankalinsa, kuma a 1095, yana kan kujerar makarantar Nizamiyya a Bagadaza da ɗalibai 300 a gabansa, harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa, ya bar muƙami ya fita. A cikin Munƙizu minad Dalal ya faɗa ƙarara cewa ba jeranta hujjoji ne ya warkar da shakkarsa ba, haske ne Allah ya jefa masa a zuci. Wanda ya zaci littafin mantiƙi zai share masa hawayen rasuwar ɗa ya yi zaton banza. Sai dai mutumin da ya faɗi haka ya riga ya bi masu kalam da masu falsafa da Baɗiniyya gida-gida ya auna kayansu, ya san abin da ya bari da dalilin barinsa. Kuma a Mustasfa, littafin usulun da ya rubuta dab da ƙarshen rayuwarsa, da muƙaddimar mantiƙi ya buɗe, yana ganin wanda bai san ta ba ba a amince wa iliminsa. Aikin falsafa a nan aikin sassabe ne da sharar gona a bazara. Ba ya saukar da ruwa, amma ruwan da ya sauka a gonar da aka share da wanda ya sauka a kan ƙaya da kututture ba amfaninsu ɗaya ba.

Saboda haka mai son farawa ya fara da tambayarsa ta kansa, ya rubuta ta da Hausa cikin jumla ɗaya, ya duba kowace kalma ya ga ko ya san abin da yake nufi da ita, sannan ya auna ta shari'a ce, ta al'ada ce, ko ta hankali. Da yawa a nan za su warware. Wadda ta ƙi ita ce ta cancanci littafi. Bayan Sullamu a gaban malami sai Munƙizu, gajere ne, labarin mai neman abin da shi ma yake nema. Sai Hayyu ɗan Yaƙzanu na Ibn Ɗufail, ƙagaggen labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri har ya gano Mahalicci da lura. Daga nan mai Larabci ko Turanci ya nemi gajerun hirarrakin Aflatun, inda zai ga Sokratis yana yi wa kalmar jarunta irin abin da muka yi wa arziki. Masu falsafar Turai irin su Nietzsche su jira, ba gudu za su yi ba, wanda kuwa bai iya gane kulliyya ba in ya faɗa hannunsu sai yadda suka yi da shi.

Kirana ga malaman zaure da na Islamiyya na Funtua, Malumfashi, Bakori, Ɗanja da Ƙafur: Allah ya gafarta malam, samarin nan suna tambaya, in ba ku amsa ba waya za ta amsa. Ku sauko da Sullamu daga kan kanta, ku karantar da shi da Hausa, ku buga misali da taki da auduga da farashin Ɗandume. Baiti biyu a rana bayan isha'i, ko da an huta Alhamis da Juma'a, in an fara a Disamba bayan an kai amfani gida, za a sauke shi tun ruwan shuka bai faɗi ba.